Mu tara ne a gidan tirela a Ohio: da me za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, mu tara a gidan tirela, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi da mota a ajiye a fili, mai ɗaki uku da banɗaki ɗaya: ni, maiɗakina, mahaifiyata, da yara shida. Maza uku ne, masu shekara 14 da 10 da 7, mata biyu masu shekara 12 da 5, sai jaririya 'yar wata takwas. Gidan ƙirar 1988 ne, faɗinsa ƙafa 14, tsawonsa 70. Gidan nawa ne, filin da yake kai nake biya wa haya. Da hunturu tagogi suna zubar da ruwa, bango ya fara yin baƙi, wuta tana yawan yankewa, daɓen banɗaki ya fara lotsawa, ga manajan filin ya fara maganar mun yi yawa. Ba ni da halin tashi yanzu. Da me zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara buɗi, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Bari mu fara da lissafi. Idan aka ce gida 14 da 70, yawanci har da ƙarfen jan da ke gaba aka auna, mai kamar ƙafa huɗu. Ainihin wurin zaman bai wuce 14 da 66 ba, wato murabba'in ƙafa 924, ko murabba'in mita 86. A raba wa mutum tara, kowa ya tashi da ɗari da 'yan kai, har da kicin da banɗaki da lungu. A Kano ko Zinder iyali irin naka suna zama a ɗakunan da ba su kai haka ba, amma can tsakar gida ce take ɗauke da nauyin: a can ake girki, a can ake wanki da shanya da alwala, tururi da hayaƙi su tashi sama. A nan kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, duk wannan yana faruwa ne a cikin akwati rufaffe, mai wayoyin lantarki da tankin ruwa da daɓen da aka ƙera da tunanin mutum huɗu ko biyar. Ƙuncin wuri shi ne abin da ya fi damun ku kullum, amma shi ne na ƙarshe a hatsari. Wuta da iskar guba su ne na gaba, sai danshi, sannan a zo kan gadaje.

A daren yau, kafin ka sayi komai, ka zaga gidan ka gwada ƙofofi da tagogi. Tun daga 15 ga Yuni 1976, lokacin da dokar ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta fara aiki a kan irin waɗannan gidaje, dole ne kowannensu ya kasance da ƙofar waje biyu masu nisa da juna, kuma kowane ɗakin kwana ya sami tagar da mutum zai iya fita ta ciki. Gidanka yana da su. Abin da ke faruwa a gida mai cunkoso shi ne ƙofar baya ta zama sito: firiza, buhunan shinkafa, keken yara, akwatunan da aka zo da su daga gida. Tagar ɗaki kuma a jingina mata gado mai hawa biyu, ko a like ta da leda da tef saboda sanyi. Ka kwashe komai daga ƙofar baya, ka duba matakalarta ta waje ba ta ruɓe ba. Kowane yaro da ya kai shekara bakwai ya buɗe tagar ɗakinsa da hannunsa a gabanka, ya cire ragar sauron. Idan sakatar ta cije, a gyara ta a wannan makon. Gidan tirela dogo ne siriri, lungu ɗaya ne ya haɗa ɗakunan, kuma hayaƙi yana cika shi cikin 'yan mintuna. Ku raba aiki tun yanzu: wa zai ɗauki jaririya, wa zai riƙe hannun Hajiya, wa zai tashi 'yar shekara biyar, domin ƙananan yara sukan yi barci ta cikin ƙarar ƙararrawa. Ku zaɓi wuri ɗaya a waje da kowa zai taru, ku gwada sau biyu a shekara, ɗaya da dare.

Ƙararrawar hayaƙi ɗaya a kowane ɗakin kwana, ɗaya a lungu, ɗaya a falo nesa da murhu da kamar ƙafa goma don kada suya ta riƙa tayar da ita har a gaji a cire batir. Ka juya bayanta ka karanta ranar ƙira. Idan ta wuce shekara goma, aikinta ya ƙare ko da tana ƙara in an danna. Ƙungiyar Red Cross da ofisoshin kashe gobara da yawa suna sa su kyauta, ka kira ka tambaya. Sai ƙararrawar iskar kabon monoksaid, kusa da wurin kwana.

A kan wannan iskar za mu ɗan tsaya, saboda akwai al'adarmu a ciki. Ba ta da wari, ba ta da launi. Gawayi mai ci yana fitar da ita da yawa, ko da babu hayaƙi ko kaɗan. Kaskon turaren wuta da uwargida ta saba kunnawa bayan magariba, ko wanda Hajiya za ta so a ajiye mata ta ji ɗumi, a ɗaki mai murabba'in ƙafa tamanin da tagoginsa a like, abu ne mai hatsarin gaske. A sayi kaskon lantarki, a ɗora turaren na 'yan mintuna, a kashe, a buɗe taga. Kada gawayi ya shigo gidan nan ko na gashin nama ne. Haka buɗe tandar gas don ɗumama falo, haka hitar kananzir. Janareto, in wuta ta ɗauke, a ajiye shi aƙalla ƙafa 20 daga gidan, kada a tura shi ƙarƙashin daɓe don gudun ruwan sama. Alamar ita ce ciwon kai da jiri da tashin zuciya da suka kama mutane da yawa lokaci guda, su sauƙaƙa in an fita waje. In kun ga haka, kowa ya fita, a kira lambar gaggawa ta 911 daga waje.

Yankewar wuta da ka ambata lissafi ne mai sauƙi. Yawancin layukan soket na ɗakuna amfiya 15 ne a kan bolt 120, wato wat 1,800 ne iyakarsu, kuma abin da zai yi aiki na awanni bai kamata ya wuce kashi 80 cikin ɗari na wannan ba, wat 1,440. Hitar ɗaki ta lantarki ɗaya, in an ƙure ta, wat 1,500 ce. Ita kaɗai ta cinye layin. Sai a jona dutsen guga ko butar shayi ta lantarki, kowannensu sama da wat dubu, bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in nauyi ya yi wa layi yawa, ta faɗi. A irin gidanka kuma ɗakuna biyu da lungu sukan raba layi guda, don haka hita a ɗakin Hajiya da hita a ɗakin yara duk a kan waya ɗaya suke. Ka ware awa ɗaya ranar hutu: kashe bireka ɗaya bayan ɗaya, yaronka babba yana zagayawa da cajar waya yana gwada soket, ka rubuta wace bireka ke riƙe da me, ka manna a ƙofar akwatin. Daga nan doka ɗaya: abu mai zafi ɗaya a layi ɗaya. Hita a jona ta kai tsaye a bango, ba a wayar ƙari ba, ƙafa uku tsakaninta da katifa ko labule ko sallaya, a kashe ta kafin barci.

Akwai wanda zai ba ka shawarar a cire bireka mai 15 a sa mai 20 don a huta. Kada ka yarda. Birekar tana kare wayar da ke cikin bango ne, kuma wayar siririya ce. In ka ƙara wa birekar ƙarfi, wayar ce za ta yi zafi a inda ba ka gani. Ka bi soket ɗin gidan ka taɓa su da bayan hannu bayan hita ta yi awa ɗaya tana aiki. Wanda ya yi ɗumi, ko ya yi dabbaren ƙuna, ko filogi ke faɗowa daga cikinsa, ko kake jin ƙaurin roba a kusa da shi, a daina amfani da shi sai mai lasisin aikin lantarki ya canza. Soket ɗin gidajen tirela da yawa ana cusa musu waya ne ba tare da ɗauri da sukurudireba ba, bayan shekara talatin da wani abu sun saki.

Sau da yawa ma buƙatar hitar ƙari daga toshewar injin ɗumama gidan take tasowa. Iska mai ɗumi tana fitowa ne ta ƙananan ragogin ƙarfe da ke daɓe. A gidan da ake shimfiɗa katifu a ƙasa da darduma bango zuwa bango, rabinsu a rufe suke. Ka buɗe kowanne, ka cire ragar, ka zuƙe ƙura da abin wasan yara da ya faɗa. Filtar injin a duba ta kowane wata, gidan mutum tara yana cika ta da wuri. Tazarar da ke ƙasan ƙofofin ɗakuna da gangan aka bar ta, ta nan iska ke komawa wajen injin, don haka kada a cusa mata tsumma.

Yanzu danshi, wanda shi ne zai cinye maka gidan a hankali in ba a tare shi ba. Babban mutum yana fitar da kusan lita ɗaya ta ruwa a rana ta numfashi da fata, yana zaune kawai. Ka ninka, ka ƙara tukunyar tuwo da ta miya da ke tafasa awa biyu, wanka tara, alwala sau biyar ta mutum bakwai ko takwas, da wankin jaririya da aka shanya a kan kujeru. Ruwan nan ba shi da mafita. Yana neman wuri mafi sanyi ya kwanta: gilashin taga mai ƙarfen alminiyam, kusurwar bangon waje, bayan kabad, ƙarƙashin katifar da ke ƙasa. Gidan 1988 an ƙera shi kafin 1994, shekarar da aka tsaurara ƙa'idojin riƙe ɗumi, bangonsa siriri ne, yana yin sanyi da sauri. Baƙin da kake gani fumfuna ce, kuma ita ce ke tayar wa yara tari da asma.

Ka sayi ƙaramin ma'aunin danshi na 'yan daloli ka ajiye a falo. Abin da ake nema shi ne kashi 30 zuwa 50, kada ya kai 60, kuma a tsananin sanyi gara ya tsaya wajen 40 in ana so tagogi su daina kuka. Fankar saman murhu a kunna ta tun kafin a ɗora tukunya, a rufe tukwane. Amma ka fita waje ka tabbatar iskar tana fita, domin wani lokaci murfin bututun ya manne da maiƙo, fankar tana ta ƙara a banza. Ta banɗaki ka gwada ta da fallen takardar goge hannu: in ba ta riƙe takardar ba, ba ta ja. A bar ta tana aiki minti ashirin bayan kowane wanka. Safe da yamma a buɗe taga ɗaya a kowane ƙarshen gidan na minti biyar zuwa goma, ko da ƙanƙara na zuba. Iskar hunturu busasshiya ce, ɗumin da za a rasa kaɗan ne a kan ruwan da zai fita. Shanya a cikin gida a daina. In akwai injin busar da kaya, bututunsa ya fita har waje, ba ƙarƙashin gidan ba. In babu, ranar wanki a tafi shagon wanki na kuɗi a busar da komai a can. Idan bayan mako biyu ma'aunin bai sauka ba, sai na'urar tsotse danshi mai ɗaukar lita 16 zuwa 24 a rana, a lungu, a layin da babu hita.

Fumfunar da ba ta kai murabba'in ƙafa goma ba za ka iya wanke ta da kanka: ruwa da sabulu, safar hannu, takunkumi, taga a buɗe, yara a waje, sannan a busar sosai. Kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanki mai amoniya, hayaƙinsu guba ne. Kada a shafa fenti a kai, za ta fito ta cikinsa. Kabad da gado a janye su inci biyu ko uku daga bangon waje. Katifar ƙasa a ɗaga ta a jingine kowace safiya, in ka juya ta ka ga ɗigon baƙi ya shiga soso, a yar.

Daɓen banɗaki kuwa, ga abin da ke faruwa. Gidajen wancan zamani yawanci da katakon garin itace da aka matse da gam aka yi musu daɓe. Ruwa na taɓa shi sai ya kumbura, ya koma kamar dusa, ba ya komawa daidai. Banɗakin Amurka kuma ba shi da magudana a ƙasa irin namu na gida. Buta da tsarki da wanke ƙafa a alwala, sau da dama a rana, ruwan yana bin gefen leda da gindin masai yana shiga katakon. Daɓe ya yi laushi, masai ya fara girgiza, zoben kakin da ke ƙarƙashinsa ya saki, sai ruwan masai ɗin ma ya fara zuba a duk lokacin da aka kora. Abu yana ƙara wa abu. Maganinsa na gaskiya shi ne a cire masai, a yanke ruɓaɓɓen wurin har zuwa tsakiyar katakon da ke riƙe da daɓe ta kowane gefe, a ƙara ginshiƙai a gefuna, a sa filawud mai kauri daidai da na da, a shimfiɗa leda guda ba mai gaɓa-gaɓa ba, a sa sabon zoben kaki, a bi gefen baho da bango da silikon. Aikin kwana ɗaya ko biyu ne ga wanda ya iya, amma da banɗaki ɗaya tak sai ka shirya inda iyali za su yini. Kada ka jinkirta, da tsohuwa a gidan. Bayan gyara, alwala ta koma cikin baho: kujerar roba mai ƙafafun da ba sa zamewa a ciki, a zauna a yi, a goge ƙafa kafin a fito. A ɗaura ƙaramin mesan tsarki a jikin masai a madadin buta, a ajiye tsumma a ƙofa.

Tunda za a buɗe daɓe, ka leƙa bututun ruwa. In ka ga roba mai launin toka, irin wadda aka yi ta sa wa gidaje daga 1978 zuwa tsakiyar shekarun 1990, wannan an san ta da tsagewa daga ciki ba tare da alama ba. Ka fara tara kuɗin maye ta da wani irin bututun roba da ake kira PEX, kuma kowane babba a gidan ya san inda makunnin ruwan gidan gaba ɗaya yake. Ka ɗauki tocila ka buɗe siket ɗin da ya zagaye ƙasan gidan ka duba. Baƙar ledar da ke riƙe da audugar ɗumi, in ta yi tumbi a wani wuri, ruwa ne ya taru a ciki. In ta yage, a like ta, ta nan sanyi da ɓeraye ke shiga. Ƙasar wurin a shimfiɗa mata leda mai kauri don hana laima tasowa. Wayar ɗumama bututu a gwada ta kafin Disamba, tsohuwa ko mai tsagewa a canza, domin ita ma tana tayar da gobara.

Ruwan zafi za a iya sasanta shi ba tare da sabon tanki ba. Tanki mai galan 30 ba ya ba da fiye da kamar galan 20 kafin ya huce. Kan shaya na yau da kullum yana zubar da galan biyu da rabi a minti. A canza shi da mai galan ɗaya da rabi, wanka ya tsaya a minti biyar, sai kamar mutum uku su samu a jere. Wankan bokiti a cikin baho ma ya fi kowanne tattali. 'Yan makaranta su yi da dare, manya da asuba, a bar wa tankin awa ɗaya tsakani. Zafinsa a tsayar a digiri 120 na ma'aunin Amurka, wato 49 na ma'aunin Salsiyas, kada a ƙara don ya isa, fatar jaririya da ta tsohuwa ba sa jure fiye da haka. Manja da man suya kada su bi magudanar kicin, suna daskarewa a bututun da ke cikin sanyi a ƙarƙashin gida.

Sai rabon ɗakuna. A tsarin HUD, ɗakin mutum biyu murabba'in ƙafa 70 ne, kowane ƙarin mutum a ƙara 50. Ka auna naka da tef. A gida irin wannan babban ɗaki yakan kai 140 ko 150, ƙananan biyu 70 zuwa 90. A ganinmu babban ɗakin bai kamata ya zama naka da uwargida ba. A ba Hajiya da 'yan matan biyu: gadonta na mutum ɗaya kusa da ƙofa, gado mai hawa biyu a ɗaya bangon, 'yar shekara 12 a sama, 'yar biyar a ƙasa, domin yaron da bai kai shekara shida ba ba ya kwana a sama. Ku biyu ku koma ƙaramin ɗaki da gado mai faɗin inci 54 maimakon 60, da ƙaramin gadon jarirai mai kamar inci 24 da 38. Jaririya ta kwana a nata gadon, rigingine, a katifa mai tauri, babu filo babu bargo mai nauyi. A gidan cunkoso jarabar kwantar da ita a tsakiyar manya ko kusa da yayyenta tana da ƙarfi, kuma a nan ne ake danne jarirai. Maza biyu ƙanana su ɗauki ɗaki na uku da gado mai hawa biyu. Ɗan shekara 14 ya kwana a falo a kujera mai buɗewa, da akwatinsa mai makulli da labulen da zai ja. Wannan ya dace da umarnin Annabi (SAW) na raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma, kuma kowa ya sami shimfiɗarsa. Ladabin neman izini a lokuta uku da aya ta 58 ta Suratun Nur ta koyar yana da amfani na zahiri a gidan da allon bangonsa bai kai kaurin yatsa ba. A koya wa yara ƙwanƙwasa ƙofa, a sa wa banɗaki da ɗakin 'yan mata sakata mai aiki.

Gadon sama ya kasance da shinge ta ɓangarorin biyu, ya ɗara saman katifa da inci biyar, ramukansa kada su wuce inci uku da rabi. Mai hawa uku ka manta da shi: rufin gidan ƙafa bakwai ne ko da ɗan ɗori, na saman zai kwana hancinsa a silin, inda hayaƙi ke fara taruwa. Kabad da shelf masu tsayi a ɗaure su da ginshiƙin cikin bango, allon bangon shi kaɗai ba ya riƙe ƙusa. Kayan da ba na wannan yanayin ba su tafi ƙaramin sito a waje in dokar filin ta yarda. Buhunan abinci a juye su a bokitan roba masu murfi, a rarraba su, kada a tara su a kusurwa ɗaya a kan daɓen da ya riga ya sha ruwa. In ka yi tunanin ƙara ɗaki a jikin gidan, sai da izinin hukuma da na mai fili a rubuce, kuma ginin ya tsaya da ƙafafunsa, domin bango da rufin tirela ba a ƙera su don ɗaukar wani nauyi ba.

Maganar manaja za mu faɗa maka ita yadda take. Dokar adalci a gidaje ta tarayya, tun gyaran 1988, ta haramta nuna wa iyali bambanci saboda suna da yara. Amma ba ta hana mai fili sa iyakar yawan mutane ba. Ma'aunin da HUD ta saba bi, daga wata takardar babban lauyanta ta 1991, shi ne mutum biyu a kowane ɗakin kwana abu ne mai ma'ana a mafi yawan lokuta. Ɗaki uku, mutum shida ke nan, ku kuwa tara ne, don haka maganarsa tana iya samun gindin zama. Sai dai takardar ta ce a duba girman ɗakuna da tsarin gida da shekarun yara, kuma dokar mai fili da ta ƙayyade yawan yara maimakon yawan mutane abin tuhuma ce. Ka ɗauko yarjejeniyar hayarka da dokokin filin ka karanta: akwai iyaka a rubuce? Sunayen wa aka sa lokacin shiga? Hajiya tana ciki? Ka roƙi manajan cikin ladabi ya rubuto maka abin da yake nufi. Ka ci gaba da biyan haya a kan lokaci ta hanyar da ke barin shaida. Hakkin masu zama a irin waɗannan filaye a Ohio yana babi na 4781 na kundin dokokin jihar, kuma ba a fitar da mutum sai ta kotu. In takardar kotu ta zo, kada ta kwana a aljihu, ka kai ta ofishin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi na yankinka a ranar. In kana ganin saboda yara ko addini ko asali ake matsa maka, kana da shekara ɗaya ka kai ƙara HUD, akwai kuma hukumar kare hakkin jama'a ta Ohio. Abin da ya sa wannan ya fi na mai hayar ɗaki nauyi shi ne gidan naka ne: jan sa zuwa wani fili dubban daloli ne, filaye da yawa kuma ba sa karɓar gida mai shekarun naka.

Akwai taimakon da iyali mai mutum tara kan cancanta, saboda ana auna kuɗin shiga ne da yawan mutanen gida. HEAP yana rage kuɗin ɗumama gida, PIPP yana daidaita kuɗin wuta da gas da abin da kake samu, shirin HWAP kuma yana turo ma'aikata su toshe kafofin iska, su ƙara audugar ɗumi, su duba injin ɗumama, kuma suna yi wa gidajen tirela. Ka kira 211 su haɗa ka da ofishin gundumarka. In akwai wanda takardun zamansa ba su kammala ba, ka tambayi lauyan shige da fice kafin a sa sunansa a fom.

Abu ɗaya ya rage wanda gyara ba ya magancewa, shi ne guguwa. Ohio tana samun ta, musamman daga Maris zuwa Yuli. Ta auka wa yankin Dayton a Mayun 2019, ta auka wa Indian Lake a Maris 2024. Babu lungu ko baho a cikin tirela da ke kare mutum daga ita, ko an ɗaure gidan da ƙasa. Hukumar yanayi tana ba da sanarwa iri biyu: ta farko cewa yanayin na iya haifar da guguwa, ta biyu cewa an gan ta ko na'ura ta hango ta. Mai gidan bulo yana iya jiran ta biyu. Kai da tsohuwa da jaririya da yara biyar, a ta farko za ku tashi. Ka tambayi manaja ko filin yana da mafaka da wanda ke riƙe da makullinta. In babu, ka nemi gidan ɗan'uwa mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko masallaci ko wani gini mai ƙarfi da bai wuce tafiyar minti goma ba, ku yi magana da su tun yanzu. Ka sayi rediyon gargaɗin yanayi mai batir wanda ke tashi da kansa da dare. Sannan ka ƙirga kujerun motarka. Manyan motocin iyali ma yawancinsu mutum bakwai ko takwas suke ɗauka, kuma mai yiwuwa kana barin gida da motar zuwa aiki. Ka sami maƙwabcin da ya amince zai ɗauki ragowar, uwargida ta riƙe lambarsa, takardun kowa da maganin Hajiya da madarar jaririya su zauna a jaka ɗaya a bakin ƙofa daga Maris zuwa Yuli.